Jiki a Gorton, Fiffike a Aston

Kafin masu gaisuwa su fara cika gidan Kawu a Gorton, wani mai azarɓaɓi ya taka kujera ya sauke jiragen da ke rataye a rufin falo. Har yau ba a gaya mini ko wane ne ba. Da na shigo na ɗaga kai, ƙugiyoyi kawai na gani, kowace da guntun zare yana reto. An tura kujeru jikin bango, an shimfiɗa tabarmi, an kawo waina da koko daga gidajen maƙwabta, an kuma ɓoye abin da mutumin ya fi so a duniya kamar wani abin kunya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya baro zangon Kumasi ya zo Manchester, ya yi aiki a wata masana'antar injuna har aka rufe ta, sannan ya koma garejin bas har gwiwoyinsa suka gaji. Ya rasu a ƙarshen hunturu, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wannan addu'a na ji ta ba adadi a makon nan, kuma kowane lokaci na amsa da amin. Abin da ke biyo bayanta ne ya riƙa tsaya mini a wuya.

Kowa ya zo da yabonsa. Mutumin kirki ne, ba ya fashin masallaci, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Daga nan sai a sassauta murya. Wata tsohuwa ƙawar Inna ta ce, "Sai dai wasan nan nasa. To, kowa da jarrabawarsa." Wani dattijo da ya zo daga Birmingham ya faɗa a ƙofar gida, a kunnena, wai Allah ya yafe masa lokacin da ya ɓata. Ɗaliban nan 'yan Najeriya da ke zaune a Hulme, waɗanda suka taimaka wajen wanka da sallah, sun yi addu'a da zuciya ɗaya, Allah ya saka musu, amma ba su ma san da zancen jirage ba, don ba wanda ya ga dacewar gaya musu. Mutum ɗaya ne ya ɗaga kai ya dubi ƙugiyoyin nan, wani tsohon Bature abokin Kawu tun zamanin masana'anta. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya rasa inda zai ajiye takalmansa. Ya dubi rufin, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In na bar wa masu gaisuwa, nan da 'yan shekaru abin da jikokinsa za su sani shi ne kakansu mutumin kirki ne mai ɗan guntun ƙuruciya a ka. Ni kuwa a fili na san shi, cikin laka.

Jiragen Kawu ba irin na kanti ba ne da ake juya su da rimot. Da hannunsa yake ƙera su, da wani katako mara nauyi da ake kira balsa, wanda farce ma yana iya tsaga shi. Yana bin tsofaffin zane-zane na zamanin da shi kansa yake yaro. Zai yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya da reza, ya manna, ya lulluɓe da takarda mai shara-shara, ya shafe ta da wani ruwa mai warin maganin goge farce har ta ɗame kamar fatar ganga. A hancin jirgin sai ya ɗaura inji ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba. A kan injin akwai wata 'yar waya da ake zafafawa da batir. Da zarar inji ya kama sai a cire batirin, wayar ta ci gaba da yin ja da kanta muddin akwai mai. Man kuwa kaɗan ake ɗura masa, na hawa sama kawai. Inji ya mutu, jirgi ya kwanta a kan iska ya yi ta kewayawa, ba igiya, ba mai ce masa dama ko hagu.

Na taɓa tambayarsa abin da ya hana shi sayen mai rimot, tunda ɗansa ma ya yi masa tayi. Ya ce wannan ai tuƙi ne, shi kuwa ya ƙoshi da direbobi a gareji.

"Uwata," ya ce, "duk maganar da za ki yi da jirgi, a ƙasa za ki yi ta. In kin buɗe hannu, bakinki ya fita."

Uwata yake ce mini, shi da ƙaninsa duka, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Sunan ya ba ni izinin yi musu tsiwa, ban kuwa bar izinin ya yi tsatsa ba.

Da girmana na shiga harkar, lokacin da aurena ya mutu. Na kasa zuwa wurin Inna saboda tambayoyi, sai na ja akwatina na buga ƙofar Kawu. Matarsa ta gyara mini ƙaramin ɗakin sama, inda yake aikinsa, na yi watanni ina kwana ƙarƙashin fukafukai. Dangi kaf sun zo da shawara, daga masu cewa in koma sai masu cewa ai tun farko sun faɗa. Kawu bai tambaye ni komai ba. Washegarin zuwana ya miƙo mini samfefa da guntun katako, ya ce in goge har sai ya ce ya isa. Na goge ina kuka. Ya karɓa ya shafa da yatsa, ya ce gefe ɗaya ya fi kauri, in sake. Jajen da ya yi mini ke nan, kuma shi kaɗai ya yi mini amfani.

Ba a daɗe ba likita ya hana shi tuƙi saboda idanunsa, sai na zama direbarsa. Duk Lahadin da gari ya waye ba iska mai ƙarfi, za mu loda akwatin jirage mu nufi wani fili can bayan gari, wajen tuddai. A can za mu tarar da tsofaffin Turawa 'yan kaɗan, har da Baturen nan abokinsa na masana'anta, kowa da filas ɗin shayinsa da kujerar naɗewa, ba mai yawan magana. Kawu yana iya shafe rabin safiya a tsaye da jirgi a hannu bai sake shi ba. Yana kallon tsuntsaye, yana jiran ɗumin da zai taɓa masa kunci, don a cewarsa akwai iskar da ke ɗaukar kaya sama, akwai wadda ke zubar da su. In ya ji ta zo, sai ya ce in riƙe batir. Ya bugi farfela da yatsa, ta ƙi, ya sake, ta sare shi, ya tsotse jinin ya sake. Yatsan nan nasa na dama duk tabo ne. In inji ya kama, kukansa kamar na sauro da aka sa wa lasifika.

Abu na ƙarshe kafin ya saki jirgi shi ne lagwani. Wani ɗan zaren auduga ne da ake maƙalawa a wutsiya a kunna. Yana ci a hankali har ya ƙona robar da ke riƙe da wutsiyar, wutsiya ta ɗage, jirgi ya sauko a hankali maimakon ya bi iska ya ɓace. Amma inda zai sauka, wannan ba wanda ya sani, kuma a nan aikina yake. Ni ce mai bi. Mace da girmanta, da hijabi da takalmin roba har gwiwa, ina tsallake shinge, ina ba shanu haƙuri, ina gaisa da manoman da suka fara da harara suka ƙare da ɗaga mini hannu. In na dawo ina haki da jirgi a ka, Kawu ba ya cewa sannu. Jirgin yake fara dubawa.

Akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe, don shi ne tushen fushina. Fiffike ba a manne yake da jikin jirgi ba. Da robobi ake ɗaure shi, a kwance bayan an gama, a ajiye kowanne daban. Amma kowane fiffike da jikinsa. Kawu zai tsaya a kicin ya kara fiffike a tururin butar shayi, ya murɗa shi kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai gani ba, don jirgin ya hau sama yana kewayawa dama, ya sauko yana kewayawa hagu. Sannan ya yanki kwalin ganyen shayi siriri ya cusa a ƙarƙashin wutsiya, ya gwada, ya cire, ya ƙara. Jirgi ɗaya yana iya cin damina guda kafin fiffike da jiki su fahimci juna. Matarsa ta sha mita cewa a gidan nan jirgi ne ke fara shan shayi. In aka ɗora fiffiken wani a jikin wani, abin zai yi kyau a ido, amma da an sake shi zai kifa da hanci.

Ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, yana Aston a Birmingham. Yana da kantin kayan abincin gida, shi ne kuma ake kira in za a raba gardama ko a ɗaura aure a cikin mutanenmu na can. Mutum ne mai son a ga kamala. Rigimarsu ta fito fili ne ranar sunan jikan Kawu. Mun biya fili da sassafe a kan cewa tashi ɗaya za a yi mu wuce, sai jirgi ya maƙale a kan bishiya. Kafin mu sauko da shi mu kama hanya, an riga an raɗa suna. Kawu ya shiga taron da laka a bakin wando, yana warin mai. A gaban jama'a Kawu Ƙarami ya ce abin kunya ne mutum da furfura ya bar sunan jikansa yana bin kayan wasa a daji. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce ya yi laifi da ya makara, ya ba da haƙuri a kan wannan. Sannan ya ce amma kalmar wasa a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ba a mayar ba. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta Sallah da ta mutuwa.

Sau ɗaya Kawu Ƙarami ya bugo waya a tsakani, a shekarun nan da aka sa wa duk mai gemu ido. Ya ce Kawu ya zubar da kwalaben mai da lagwanin nan, kada wata rana a buga masa ƙofa a ja wa dangi magana. A nan ban ga laifinsa sosai ba, don kowa a tsorace yake. Kawu ya ce layinsu kaf ba wanda bai san abin da yake yi a ɗakin sama ba, tunda ba gidan da bai gyara wa injin wanki ko keken yaro ba. Ya ajiye waya ya ci gaba da yankan katako.

A hunturunsa na ƙarshe ya ƙera jan jirgi. Wani tsohon zane ne da ya daɗe yana yi wa gyare-gyare, ya ƙara wa fiffike tsawo, ya rage wa hanci. Idanunsa sun riga sun yi rauni, da yatsu ya yi yawancin aikin. Ya gama shi, ya kara shi a tururi, muka gwada wurga shi da hannu a filin wasan unguwa, ya tafi sumul ya sauka a kan ciyawa. Saura a tashe shi da inji, sai dai a jira sanyi ya wuce. Da na je duba shi a asibiti, bai yi mini wasiyya irin ta mutane ba. Cewa ya yi kada in bari kowa ya ɗora wani abu a kan jan fiffiken nan.

Bayan sadakar bakwai aka yi abin da aka yi. Ina wurin aiki a gidan kula da tsofaffi, ba wanda ya kira ni. Hukumar gidaje za ta mayar da matar Kawu ƙaramin gida, ɗansa kuma yana so a kwashe ɗakin sama kafin ya koma bakin aikinsa. Kawu Ƙarami ya zauna a matsayin babba, magada suka yarda a bayar da kayan sadaka. Riguna, huluna, takalma, duk aka raba yadda aka saba. Da aka zo kan jirage sai aka tarar da su kashi biyu, jikkuna a kan kanta, fukafukai a jere a bango.

Wanda bai san mu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Danginmu na Gorton da na Aston sun daɗe suna auna juna. In an yi biki, sai an san ɓangaren da aka fi cika wa kular abinci. In an aiko da tsaraba daga gida, sai an ji wanda aka fara ba. Don haka Kawu Ƙarami ya yanke hukuncin da kowa ya yaba da adalcinsa: jikkuna su zauna a Gorton, fukafukai su tafi Aston, kowane gida a ba shi ɗaya, don duk wanda ya kalla ya tuna da mamaci ya yi masa addu'a. Man aka tuttular, lagwani aka zuba a shara. Aka shafa fatiha, kowa ya tashi yana jin ya yi aikin lada.

Da na dawo, Inna ta tare ni da fara'a. Ta ce ba a manta da ni ba, mafi kyau aka ware mini. Ta miƙo mini jikin jan jirgi naɗe a cikin zane, ba fiffike.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Na ce aikin shekara da shekaru ne aka yi wa rabon naman layya. Na ce da a ce kekunan ɗinki ya bari, ba wanda zai ba wani gida kai ya ba wani gida ƙafa. Inna ta ce in ji tsoron Allah, gidan makoki ne. Na yi shiru don ita, amma a makonnin da suka biyo baya na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na tarar da jikin wani jirgi a hannun yara suna gudu da shi a kan titi suna ihu da Turancinsu na Manchester, wutsiya ta riga ta tafi. Na ji labarin fiffiken da ya karye tun a hanya, don an ɗora masa kular shinkafa a bayan mota. Wani an buga masa ƙusa a tsakiya an rataye shi saman talabijin. Duk wanda na roƙa ya ba ni, amsa ɗaya ce, cikin ladabi: sadaka ce, an riga an bayar, ba a karɓe ta. Har da masu yi mini nasiha kada in rage wa mamaci lada.

Jan fiffiken kuwa Kawu Ƙarami ne ya ɗauka da kansa. Na buga masa waya na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na roƙe shi. Ya ce, "Uwata, maganar nan is finished. Rabo ya riga ya wuce." Ya ajiye.

Matar Kawu tana takaba, ba ta sa baki a komai ba tun farko. Wata rana na same ta a kicin tana kallon butar shayi tana tafasa, ba ta kashe ba. Na zauna na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta bari na gama, sannan ta ce tunda an ce ba a karɓe sadaka, ai ba a ce ba a ƙara bayarwa ba. In shi ba zai ba ni nasa ba, ni in kai masa nawa.

Na ji kamar ta mare ni. Jikin jirgin nan shi kaɗai ne abin Kawu da ya rage a hannuna. Akwai shatin yatsansa a jikin fentin, akwai kwalin shayin da na yanka masa da kaina a ƙarƙashin wutsiya. In ɗauke shi in kai wa mutumin da ya kira shi kayan wasa a gaban jama'a? Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da ya raba gardamar shi ne, duk safiya in na dube shi a kan durowa, ba jirgi nake gani ba, rabin jirgi nake gani. Kawu bai ƙare idanunsa a kansa don ya zama abin ado a ɗakina ba.

Ana gab da sadakar arba'in na kama hanyar Birmingham. Na same shi a gidansa da ke saman kanti. Muka gaisa, ya ga abin da ke naɗe a zane. Na ajiye a gabansa na ce sadaka ce, na ba shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya shiga ɗaki, na bi shi ba tare da an ce in biyo ba. Jan fiffiken yana saman kabad, a kwance a kan farin ƙyalle, ba abin da aka ɗora masa. An tokare bakinsa ɗaya da kwalin ashana, daidai gefen da Kawu ya murɗa.

Ya sauko da shi da hannu biyu. Ya buɗe durowa ya ɗauko robobi, ya ɗora fiffike a mazauninsa, ya ja roba daga gaba zuwa baya a gicciye, ya sake ja ta ɗaya gefen. Ya leƙa ƙarƙashin wutsiya ya ga kwalin yana nan. Sannan ya ɗaga jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, yana duba ko hanci zai rinjaya. Ni da na yi shekaru ina kallon ana wannan, ban iya shi da sauri haka ba.

"Ashe ka sani," na ce. "Kawu, ka san kowane fiffike da jikinsa, ka raba su."

"Na sani."

Ya zauna a bakin gado da jirgin a cinya. Ya ce tun suna yara a Kumasi Kawu yake wannan abu, da ɓargon gwangwala da takardar siminti, kafin ya taɓa ganin inji. Shi ke ƙerawa, shi ke wurgawa daga saman katanga. Ƙaramin kuwa shi ne mai bi, cikin kwata, cikin kasuwa, har bayan layin dogo.

"Kafin ke, ni ne," ya ce. "Shi komai ya gama sai ya buɗe hannu. Haka ya hau jirgin ruwa ya bar ni. Na san in na bar su a haɗe, ke da Baturen nan za ku kai su fili one by one. Shi ya tafi. Su ma a sake su?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayin bai kashe fushin ba, ƙara masa wuta ya yi. Da jahilci ne ya sa shi, da na ce bai sani ba. Na ce masa don kada ɗaya ya ɓace masa a sama, ya sa an karya ɗaki guda a ƙasa, ya kuma lulluɓe abin da sunan adalci har mutane suna sa masa albarka. Na ce ga shi nan, duka nasa ne yanzu, ya rufe a kabad in ya ga dama. Amma Lahadin bayan arba'in zan je fili, kuma akwai wuri a motata. Na fito ban sha ko ruwa ba.

Ya zo. Bayan an watse daga sadaka ya kwana a Gorton, da safe na fito na tarar da shi a jikin motata da babbar riga da takalmin zuwa masallaci, jirgi naɗe a hannu. Muka kama hanyar fili. Tsohon Baturen nan ne ya kawo mai da lagwani, tunda namu an zubar. Sauran tsofaffin suka taso daga kujerunsu suka tsaya a bayanmu, wasu suka cire hula.

Muka jira iska yadda Kawu yake jira. Da ɗumin ya zo, Baturen ya ɗura mai, na riƙe batir, ya bugi farfela har ta kama. Ya kunna lagwani, ya miƙa wa Kawu Ƙarami jirgin yana kuka yana karkarwa, ya nuna masa inda zai fuskanta. Sai Kawu Ƙarami ya ɗaga hannu sama ya tsaya. Inji yana cin ɗan man da aka ɗura masa, lagwani yana ci, shi kuwa ya ƙanƙame. Baturen yana ce masa ya saki, bai ko juyo ba.

"Kawu," na ce, "mai yana ƙarewa."

Ya buɗe hannu. Jirgin ya hau yana kewayawa dama, yadda aka gaya masa a kicin. Bai kai rabin inda ya kamata ya kai ba inji ya mutu, don an cinye masa mai a hannu, kuma wannan ma ina riƙe da shi a raina. Amma da ya kwanta a kan iska ya juya hagu, bai yi tangaɗi ba, bai sunkuya ba. Ya yi ta kewayawa a hankali, rana tana ratsa jar takardar har ana ganin haƙarƙarin da Kawu ya yanka da yatsu. Can wutsiya ta ɗage, ya sauko a bayan wani shinge, a tsakiyar gonar da aka yi wa huɗa.

Na gyara hijabi zan tafi, kamar kullum. Kawu Ƙarami ya riƙe mini hannu.

"Uwata, tsaya nan."

Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya nufi shingen. Laka ta cire masa takalmi ɗaya tun bai yi nisa ba. Bai tsaya ɗauka ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi aikin hannunsa da na zuciyarsa. Masu cewa a yafe masa lokacin da ya ɓata, su ji da nasu lokacin. Jirgi ɗaya tak muka haɗa daga cikin ɗaki guda, kuma ban huce ba. Duk wanda ke da fiffike rataye a bangonsa a Aston, na san gidan da jikinsa yake a Gorton, kuma har yanzu akwai wuri a motata.